Hanyar Asibiti da Alhakin Ƙaramar Hukuma

Sharhinmu na yau yana tashar mota ne, kuma maganar ta shafi iyayenmu da kakanninmu, da 'yan'uwanmu guragu da makafi da kurame, a Kafanchan da sauran garuruwan kudancin Kaduna.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tasha ranar kasuwa ya san yadda lodi yake. Mota na tsayawa masu ƙarfi za su danna, a cusa mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya. Tsohuwa mai dogara sanda tana gefe tana jiran ta gaba, ta gaban ma haka. Gurgu idan ya zo da kekensa, sai a ce masa keken kaya ne, kuɗinsa daban. Makaho kuwa kuɗin mutum biyu yake biya, nasa da na ɗan jagora. Ba na ɗora wa direba laifin wannan duka. Shi ma da safe ya sayi mai da tsada, ya yanki tikiti, ga balas da mai mota ke jira da yamma. Abin da nake tambaya shi ne, wace hukuma ce ke da alhakin tsara tashar nan ta yadda marar ƙarfi zai samu wuri?

Kafin amsa, bari mu ga abin da ke fitar da tsoho daga gida. Galibi asibiti ne. Kafanchan ita ce cibiyar jinya ta wannan yanki. Daga Kagoro da Manchok, daga Kwoi da Zonkwa, daga Gwantu da Godogodo da Jagindi, idan ciwo ya fi ƙarfin ƙaramin asibitin gunduma, nan ake turo mutum. Babban asibitin garin, wanda aka sa wa sunan marigayi Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa, shi ne gwamnatin tarayya ta amince a 2025 a mayar da shi cibiyar lafiya ta tarayya. Abin farin ciki ne, kuma an daɗe ana nema. Sai dai ƙwararren likita ba ya amfanar wanda bai iso gabansa ba.

Ku lissafa tafiyar dattijo mai hawan jini ko ciwon suga daga wani ƙauye. Zai hau acaɓa zuwa bakin titi, a hanyar da ruwan damina ya zaizaye, yana riƙe da ƙugun yaro matashi mai sauri. Ya shiga mota zuwa Kafanchan. Ya hau keke Napep daga tasha zuwa ƙofar asibiti. Sannan ya maimaita duk wannan a komawa. Ba shi kaɗai zai zo ba, sai da ɗa ko jika, don haka a ninka kuɗin sau biyu, a kuma ƙara da yinin aikin gona da ɗan rakiyar ya rasa. Ciwon nan ba na zuwa sau ɗaya ba ne, likita zai ce a dawo wata mai zuwa.

Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, kuɗin mota kuma ya bi ta. A daminar 2023 ɗin nan ce kuma cuta ta faɗa wa citta a Kachia da Jaba da Kagarko da maƙwabtansu, ta ruɓar da amfanin da gidaje da yawa ke dogaro da shi. Ɗan da ke biya wa mahaifinsa kuɗin mota ya wayi gari hannunsa babu komai. Abin da ke biyo baya kowa ya sani. Baba zai ce ai na ji sauƙi, a bari sai wani watan. Magani ya ƙare, ba a auna jini ba, wata rana a tashi a tarar ɓarin jikinsa ya shanye. Mutumin da jiya kuɗin mota kawai yake buƙata, yau sai an ɗauke shi an kwantar. Rashin abin hawa da kansa yana ƙara mana yawan naƙasassu, kuma ɗawainiyar tana faɗawa kan mata da 'yan matan gida, waɗanda wasunsu ke barin makaranta saboda jinya.

Abin ya fi ciwo idan aka tuna cewa sufuri ne ya gina Kafanchan. Tun wajajen 1927 layin dogo daga Fatakwal ya haɗu a nan da na Kaduna da na Jos, garin ya cika da ma'aikatan reluwe daga ko'ina a Najeriya. Jirgin ƙasa yana da arha, yana da wurin zama da wurin kaya. An daɗe rabon da fasinja ya dogara da shi a wannan tasha, kuma cikin tsofaffin da ke shan wahalar mota a yau akwai 'yan fanshon reluwe da suka ƙarar da ƙuruciyarsu wajen kai wasu inda za su.

Dokoki kam akwai su. A watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya. Dokar ta ce a ba su gaba a layi, ta ce idan naƙasasshe zai shiga mota sauran fasinjoji su dakata har ya shiga, direba kuma ya tsaya cak kafin ya hau ko ya sauka. Ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen gwamnati da ababen hawa na jama'a, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2021, da hukumar kula da harkokinsu. Tsofaffi ma an kafa musu cibiya ta ƙasa a Abuja. A 2025 Gwamna Uba Sani ya kawo motocin bas 100 masu amfani da iskar gas, suka fara ɗaukar ma'aikata da ɗalibai da 'yan fansho kyauta a cikin birnin Kaduna. Aiki ne mai kyau, muna kuma fatan ganin irinsa ya wadata a kudancin jihar. Amma babbar bas kwalta take bi. Ba za ta shiga lungunan Atuku ko ƙauyukan bayan Godogodo ba. Wannan tazarar, daga ƙofar gida zuwa bakin titi, daga tasha zuwa asibiti, aikin gwamnatin da ta fi kusa ne.

Ba ra'ayina ba ne wannan, kundin tsarin mulkin 1999 ne. Jadawali na huɗu ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, a ciki har da kafa tashoshin mota da kasuwanni da kula da su da tsara su, da gina hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa, da tanadin gidajen gajiyayyu da marasa galihu. Wato tashar da ake ture tsohuwa a cikinta, da kwalbatin da ya buɗe baki yana jiran ƙafar makaho, duk suna ƙarƙashin ciyaman da kansiloli.

Na san amsar da za a bayar a sakatariyar ƙaramar hukuma, kuma akwai gaskiya a cikinta. Za a ce kuɗin ƙananan hukumomi ya daɗe yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, kuma bayan albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya abin da ke saura kaɗan ne. Za a ce a Kaduna hukumar haraji ta jiha ce ke karɓar kuɗin shiga, akwai kuma hukumomin jiha da ke tsara sufuri. Haka ne. Amma ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ko da yake an yi ta jan ƙafa wajen aiwatarwa. Kason da ake rabawa daga Abuja kuma ya ƙaru sosai bayan cire tallafin mai. Kuɗin da ya ƙaru ɗin nan daga aljihun wanda ke biyan kuɗin mota ya fito, don haka yana da haƙƙi a ciki. Sannan a zaɓen 19 ga Oktoba 2024 jam'iyyar APC ce aka bayyana ta lashe kujerun ciyaman 23 da na kansila 255 gaba ɗaya. Babu wanda zai ce saɓanin jam'iyya ne ya hana shi zama da gwamnatin jiha a daidaita. Sai dai wannan ma yana da nasa haɗarin, domin majalisar da babu ɗan adawa a cikinta, in jama'a ba su yi tambaya ba, babu mai yi.

A nan siyasar take. Ranar zaɓe ba a rasa abin hawa. Wakilan 'yan takara sun san gidan kowace tsohuwa a kowace rumfa, sun san makahon da ke bayan coci da gurgun da ke kusa da masallaci, za a aika babur ya ɗauko su, a sa su gaban layi, a mayar da su gida. Wannan ya nuna sanin inda mutanen suke ba shi ne matsala ba, tsara ɗaukarsu ma ba gagara ya yi ba. Bayan zaɓe kuwa, abin da aka saba shi ne rabon kekunan guragu da buhunan shinkafa a harabar sakatariya, a ɗauki hoto. Ban raina keke ba, wanda ya samu ya san darajarsa. Amma rabo na yini ɗaya ne, sunan mai bayarwa yana jiki, shi ya sa ɗan siyasa ya fi son sa. Jigilar marasa lafiya kuwa aiki ne na kowane mako, babu taro babu kalangu, kuma dole sai an taɓa tasha. Tasha ko, kowa ya sani, wuri ne na kuɗin yau da kullum da kuma matasan da ake buƙata lokacin kamfen. Ciyaman da yawa sun gwammace kada su ɓata da shugabannin ƙungiyar direbobi saboda tsofaffin da ba sa zanga-zanga.

Ni kuwa ina ganin ba sai an ɓata ba. Direbobin nan sun riga sun nuna za su iya. A Jigawa da wasu jihohin Arewa an yi shekaru ana aiki da 'yan ƙungiyar direbobi ta NURTW wajen kai mata masu naƙuda asibiti cikin gaggawa, an horar da su, a wasu wuraren kuma ladan direban da ya kai mai haihuwa shi ne a ba shi lodi ba tare da bin layi ba. Abin da ya yi wa mai ciki aiki zai yi wa tsoho. A Ingila tun 2008 tsofaffi da naƙasassu ke hawa bas kyauta a wajen lokutan cunkoso, kuma hukumomin yankuna ne ke ba su katin hawa, su biya kamfanonin motar. Ƙarfinmu bai kai nasu ba, amma ƙa'idar ɗaya ce: hukuma ta biya direba, kada a ce ya yi don Allah. Duk tsarin da aka gina kan tausayin direba, wata biyu zai yi ya mutu.

Ƙaramar hukumar Jema'a gundumomi 12 gare ta. A fara da abu mai sauƙi. Kowace gunduma ta san ranar da masu hawan jini da ciwon suga da masu yanar ido ke ganin likita, a yi shatar mota ɗaya ko keke biyu su kwaso su daga ƙaramin asibitin gunduma zuwa Kafanchan, su jira, su mayar da su. Ma'aikacin lafiya ya sa hannu a takarda, direba ya karɓi kuɗinsa a ƙarshen mako, ba sai ya yi ta sintiri a sakatariya ba. Majalisar kansiloli tana da ikon yin dokar cikin gida, to ta yi: kujerar gaba ta tsoho ce da naƙasasshe, kuma ba a karɓar kuɗin kaya a kan keken gurgu. A kowace tasha a yi benci da inuwa da gangaren siminti maimakon matakala. A rufe kwalbatocin da ke kan hanyar asibiti da kasuwa. Kaura da Jaba da Sanga da Zangon Kataf kowace ta ɗauki nauyin nata mutanen, tunda asibiti ɗaya suke zuwa.

Inda na fi jin tsoro shi ne rajistar waɗanda za su amfana. Wannan yanki ya sha rikici, daga na 1987 zuwa na bayan zaɓen 2011 zuwa hare-haren da suka biyo baya a ƙauyuka, kuma cikin waɗanda ke dogara sanda a yau akwai waɗanda rikicin ne ya naƙasa su, daga kowane ɓangare. A wuri irin wannan, jerin sunaye abu ne mai nauyi. Idan aka bar shi a hannun shugaban jam'iyya na gunduma, ko aka ji ƙishin-ƙishin cewa unguwa kaza ta fi samu saboda addini ko ƙabila, to an kashe shirin, an kuma ƙara wata gaba a kan ta da. A ba ma'aikatan lafiya su rubuta, mai unguwa da dagaci su shaida, limami da fasto su gani, a manna jerin a bangon asibitin gunduma kowa ya karanta. Kuma masu abin su zauna a kwamitin da kujerarsu da ƙuri'arsu: sarkin makafi, sarkin guragu, wakilan ƙungiyar naƙasassu ta JONAPWD, da ƙungiyar 'yan fansho. Su suka san wace tasha ce ta fi wuya, wane direba ne mai haƙuri. An daɗe ana yanke musu shawara suna waje suna jiran a kira su ɗaukar hoto.

Ƙarshen kowace shekara ƙananan hukumomi ke tsara kasafin kuɗin shekara mai zuwa, kuma abin da bai shiga kasafi ba alkawari ne kawai. Kansilanku ba a Abuja yake ba, kuna haɗuwa da shi a wurin biki da jana'iza. Ƙungiyoyin zumuntar mata, da matasan masallaci, da ƙungiyoyin ci gaban garuruwa, ku aika masa wakilai kafin a rufe lissafi. Ku tambaye shi nawa aka ware don jigilar tsofaffi da naƙasassu zuwa asibiti a gundumarku, a ƙarƙashin wane sashe aka rubuta shi, kuma wace rana motar farko za ta tashi.