Buntun Shinkafarmu Zai Iya Ba Mu Wuta

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman shinkafa ya bunƙasa a kudancin Kano. Amma raina yakan ɓaci in na ga tulin buntu yana cin wuta a bayan injinan casa tsakanin Rano da Kibiya, domin lantarki ne muke ƙonawa a banza. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera buntu ne.

Ana iya ƙona buntun nan a tashar tururi a samu lantarki, kuma aikin tashar matakai huɗu ne. Famfo ya tura ruwa cikin tukunya, wuta ta mai da shi tururi mai ƙarfi, tururin ya juya farfelar da ke jan janareta, sannan a sanyaya shi ya koma ruwa, a sake zagayowa. Haka tashar Egbin ta Legas, mai ƙarfin megawat 1,320, take aiki da iskar gas.

Ga inda lissafin ya shafe mu. A irin wannan tasha, wajen kashi ɗaya cikin uku na zafin ne kawai ke zama lantarki, a ƙaramar tasha ma bai kai haka ba. Akasarin sauran yakan fice wurin sanyayawa. Mu kuwa wannan ragowar zafin muke nema, domin matanmu da itace suke turara shinkafa, dazuzzukanmu na ƙarewa. Buntu ɗaya zai ba da wuta, ya kuma turara shinkafa.

Ina kira ga gwamnatin Kano da masu injinan casa su kafa ƙaramar tashar gwaji a Rano, a koya wa matasanmu sarrafa ta.