Wasiƙar Zandam: Yadda Ake Ɗaukar Kaye

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ɗan filin da ka saba ba ni, domin in yi magana da 'yan'uwana masu karatu a kan wani hali da ya yaɗu cikinmu, watau yadda muke yi idan an ci ƙungiyar da muke so a wasan tamaula, musamman idan da ƙyar aka ci ta.

Jama'a, kayen da aka yi wa mutum da ci huɗu ko biyar ba shi hana barci, gama tun da wuri ya fid da rai. Wanda ke cin zuciya shi ne na ci ɗaya tak, wanda mutum ya riga ya ga nasara a tafin hannunsa, sa'an nan ta suɓuce. Irin wannan ne ya same mu ran Lahadi 11 ga Fabrairu 2024, sa'ad da Nijeriya ta kara da Kwaddebuwa a wasan ƙarshe na Kofin Afirka, a birnin Abijan.

Ga yadda abin ya kasance, don wanda ya manta. An sa ƙwallo da ƙarfe 9 na dare agogonmu, cikin sanyin hunturu, gidajen kallo daga Zandam zuwa Gwaram da Birnin Kudu ko'ina ya cika. Muna da dalilin sa rai, domin a wasa 6 da 'yan wasanmu suka yi kafin wannan, ƙwallo 2 kaɗai ta shiga ragarsu, kuma ita Kwaddebuwa ɗin sun riga sun ci ta ɗaya da nema a zagayen farko. A minti na 38 shugaban 'yan wasa, William Troost-Ekong, ya sa kai ya jefa ƙwallo a raga. Aka tafi hutu muna gaba. Da aka dawo sai masu gida suka matsa. A minti na 62 Franck Kessié ya farke, a na 81 Sébastien Haller ya miƙa ƙafa ya taɓa ƙwallon da Simon Adingra ya bugo masa, ta shige. Saura minti 9 ke nan lokaci ya cika. Aka tashi biyu da ɗaya.

To, baƙin ciki dai dole ne, kuma ba aibi ba ne. Wanda bai ji zafin kaye ba, ai da ma ba ya son ƙungiyar. Haka kuma ba laifi mutum ya faɗi inda aka yi kuskure. Ni a ganina, da muka ci sai muka koma baya muna tsaron gida, muka bar musu fili suna kai hari ba ƙaƙƙautawa, alhali kuwa mai tsaye bakin ƙofa yana tare duka, ko ba jima ko ba daɗe wani zai same shi. Wannan magana ce da za a iya faɗa wa mai koyar da su na lokacin, José Peseiro, a gaban idonsa, ba tare da an ci mutuncinsa ba.

Amma abin da ya biyo baya ya wuce gyara kuskure. Kafin gari ya waye, mutane da yawa sun ɗora laifin duka a kan mutum guda, Alex Iwobi, suka bi shi da zagi ta intanet, har ya kwashe hotunansa daga shafinsa na Instagram. Sai da Ahmed Musa, wanda mutanen ƙasar nan suka sani tun yana wasa a Kano Pillars, ya fito ya roƙi jama'a su bari. Ku duba fa, mutum 11 ke cikin fili, amma aka zaɓi ɗaya aka yi masa taron dangi. Mafi yawan masu zagin nan kuwa, da za a ce su yi gudun minti 10 a filin makarantar garinsu, sai an ɗebo ruwa an yayyafa musu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Wani zai ce ai baki ne kawai, ba a taɓa lafiyar kowa ba. Sai in ce masa magana zarar bunu ce, kuma daga baki hannu ke koyo. A shekarar 1994, a gasar Kofin Duniya, wani ɗan wasan Kolambiya mai suna Andrés Escobar ya ci gidansu bisa kuskure a wasansu da Amurka, aka tashi biyu da ɗaya, daidai irin namu. Bayan kwana 10, ran 2 ga Yuli, aka harbe shi a birnin Medellín, yana da shekara 27. Allah ya kiyashe mu da irin wannan. Amma ko a nan gida mun ga abin da fushin 'yan kallo ke jawowa. Kano Pillars ta ɗauki kofin ƙasa sau 4, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. A watan Afrilu 2022 wasu magoya bayanta suka tā da hargitsi a wasanta da Katsina United, aka farfasa motar baƙi. Hukuma ta ci ta tara, ta zare mata maki 3, ta hana ta wasa a Kano. A ƙarshen wannan kaka ta faɗa rukuni na ƙasa. Waɗanda suka yi jifan suna cewa ƙauna ce ta sa su, ga shi kuwa ƙungiyar da suke ƙauna ita ta biya kuɗin.

Abin mamaki, mafi kyawun darasi yana wurin waɗanda suka ci mu. A wannan gasa ɗin, a gidansu, gaban jama'arsu, Ikwatoriyal Gini ta yi wa Kwaddebuwa ci 4 da nema. Aka sallami mai koyar da su, Jean-Louis Gasset, ana tsakiyar gasa, aka ba mataimakinsa Emerse Faé. Ba su ma tsallake zagayen farko ba sai da Maroko ta ci Zambiya. Daga nan suka fid da Senegal, suka fid da Mali alhali an kore musu mutum guda, suka fid da Kwango, suka zo kanmu. Shi kansa Haller da ya ci mu, a watan Yuli 2022 likitoci suka same shi da ciwon daji, ya sha aiki da magani wata da watanni kafin ya komo fili. Da a ce ranar ci 4 ɗin nan mutanensu sun karya musu zuciya gaba ɗaya, da wa zai ɗaga musu kofi?

Mu kuma ba ran nan muka fara shan kaye ba. A 1984, a wannan gari na Abijan, Muda Lawal ya fara ci mana, amma Kamaru ta ci mu uku da ɗaya. Ta sake cin mu a wasan ƙarshe na 1988, Aljeriya ta ci mu a na 1990, duka da ci ɗaya da nema. A 2000 kuwa a Ikko aka yi, aka tashi biyu da biyu, aka je bugun daga kai sai mai tsaron gida, ƙwallon Victor Ikpeba ta bugi ƙarfe ta faɗa bayan layi, alƙalin wasa ya ce ba ta shiga ba. Duk da haka mun ɗauki kofin a 1980 da 1994 da 2013. Kofin 1994 ya zo ne bayan kaye 3 a wasan ƙarshe cikin shekara 10. Ashe mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa.

Saboda haka ina kira ga malaman makaranta, domin a hannunsu gyaran yake. Idan kun fitar da yara wasa da yamma, ko an haɗa makarantar Gwaram da ta Birnin Kudu, kada ku koya musu bugu da gudu kaɗai. Ku sa wanda aka ci ya je ya ba wanda ya ci shi hannu kafin ya bar fili. Idan yaro ya zubar da ƙwallo a bakin raga, kada ku bari 'yan'uwansa su yi masa ihu, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masu gidajen kallo kuma su hana zagin iyaye a rumfunansu, ko da za su rasa kuɗin mutum biyu. Manyanmu masu hawan jini su yi wa kansu adalci, domin jaridu sun ba da labarin mutanen da suka yanke jiki suka faɗi, suka rasu, suna kallon wasanmu da Afirka ta Kudu ran 7 ga Fabrairu 2024, wasan da mu ne ma muka yi nasara. Samari masu sa kuɗin cefane a caca a kan wasa, su ma su sani rabin fushin da suke yi ba na ƙasa ba ne, na aljihu ne.

Wasa sunansa wasa. A yi murna idan an ci, a yi juyayi na dare ɗaya idan an sha kaye, da safe kowa ya kama gonarsa ko ofishinsa, ya gai da maƙwabcinsa ko da ba ƙungiyarsu ɗaya ba. Allah ya ba mu haƙuri da juna, amin.

Haza wasalam.

Naku,
Akawu, Zandam, ƙasar Gwaram.