Tsani ba ya farawa daga sama

Wata magana ta zama yayi a bakin wasu masu ilimin boko: wai intanet ta rushe katangar ilimi, ɗan Gangara da ɗan Amurka sun zama ɗaya. Hujjarsu ita ce tun 2002 jami'ar MIT take baza darussanta kyauta, har fannoni masu zurfi na fizik kamar renormalizasiyo suna nan ga mai so. Maganar tana da daɗin ji, amma yaudara ce.

Darussan da Ingilishi suke, kuma an shirya su ne domin wanda ya riga ya ƙoshi da lissafin jami'a. Ɗalibin kwaleji a Gangara, ko Gazawa, ko Gidan Rumji, wanda bai taɓa haɗa waya da batir a aji ba, me zai tsinta a ciki? An nuna masa kan tsani, matakan ƙasa kuwa babu.

Wasu kuma suna cewa Hausa ba za ta ɗauki irin wannan ilimi ba. To, mene ne renormalizasiyo? Dabara ce ta sake ma'auni: a yi watsi da ƙananan bayanai, a riƙe abin da yake tasiri idan aka hango abu daga nesa. Mai awon gero ba ya ƙirga ƙwaya. Da tiya yake aiki, sannan buhu, kuma lissafinsa yana fita. A kan zurfafa wannan tunani Kenneth Wilson ya samu kyautar Nobel a 1982. Lissafin yana da wuya ƙwarai, amma ƙofar shiga tana buɗuwa da Hausa.

Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, masanin fizik da makamashin rana wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, ya yi kira tun 1964, cikin littafinsa kan ilimi a Afirka, da a koyar da yara da harsunansu. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da haka, kuma a 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Takarda dai ba ta koyarwa.

Aiki ya rage ga malamai da ƙungiyoyin al'adu. Malamin fizik da malamin Hausa su zauna tabarma ɗaya, su daidaita kalmomi, su naɗi gajerun darussan murya da ƙaramar salula za ta ɗauka, su nemi malaman jami'ar Maraɗi su tace. Wanda ya taka waɗannan matakai shi ne darussan intanet za su amfana.