KASHI NA BIYU: SHUKA NE KO GYAURO?

Yau mun ɗan ajiye labarinmu, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Makarfi ko Kudan ya san rake. In an sare na fari, kututturen yakan sake tohowa ba tare da an yi sabuwar shuka ba. Haka nake kallon kashi na biyu na finafinan nan masu haɗa abin al'ajabi na kimiyya da barkwanci. Yawancinsu gyauro ne.

Ku tuna Koi... Mil Gaya na 2003. A gidan kallo na fara ganin sa a Ikara. Ana dariyar shirmen Rohit, ana tausayin Jadoo, ɗan halittar nan shuɗi mai samun ƙarfi daga hasken rana. Da Krrish ya fito a 2006, an ƙara kuɗi, an ƙara tsalle da faɗa, amma dariyar nan da tausayin nan sun ragu. Ya yi kasuwa, ban musa ba, sai dai ba shi ke zuwa mini a rai ba.

Men in Black na 1997 ma haka. Daɗinsa shi ne Will Smith baƙo ne a aikin, duk abin da ya ba shi mamaki mu ma ya ba mu. A na 2002 ya riga ya zama ɗan gari, sai aka dawo da Tommy Lee Jones daga gidan waya aka maimaita wasan. Dalilin a fili yake: mamaki da dariya duk sau ɗaya suke kama mutum. Ko marigayi Ibro, Allah ya jiƙansa, in ya maimaita zolaya ɗaya, ta biyun murmushi kawai take samu.

Ban ce duka ba. Back to the Future na 1985 ya sami na biyu a 1989, aka koma cikin labarin farko ta wata ƙofa, mai kallo ya ga abin da bai gani ba a da. Wannan sabuwar shuka ce. Shi kuwa Mr. India na 1987, mai agogon da ke aikin layar zana, an bar shi shi kaɗai, kuma har yau ana tuna Mogambo.

To, kada in ga laifin wasu in manta nawa. Mu marubuta mun fi kowa sanin wannan ciniki. Na taɓa kammala labari a littafi na biyu, wani ɗan kasuwa a Kano ya ce lallai sai an yi na uku tunda yana tafiya. Na tayar da kishiyar da na riga na kora, na cika shafuka. Wata baiwar Allah ta aiko mini wasiƙa, ta ce kuɗin adashinta ta cira ta saya, kuma ba ta yafe ba. Gaskiyarta.

Shawarata gare mu, masu fim da masu alƙalami: in labari bai ƙare ba, a ci gaba. In ya ƙare, a rubuta Alhamdulillahi a tashi.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.