Ƙwai da Mai Ciwon Sukari: A Duba Abin da Ya Rako Shi

Da yawanku akwai mai ciwon sukari a gida, ko Baba, ko Inna, ko Kaka, kuma sau da yawa ku ake aika wurin mai shayi, ko ku ke haɗa karin kumallo. To, ƙwai ya dace da su kuwa?

Ya dace. Abin da ke ɗaga sukarin jini da sauri shi ne sukari da abinci mai sitaci, irin su burodi, shinkafa, tuwo da taliya, domin ciki na narkar da su su koma gulukos. Babban ƙwai ɗaya mai nauyin giram 50 yana ɗauke da furotin kimanin giram 6 da kitse giram 5, sukarin da ke cikinsa kuwa bai kai giram 1 ba. Ga shi kuma yana riƙe ciki, mutum ya daɗe bai ji yunwa ba.

Abin da ya sa ake ɗari-ɗari da shi shi ne gwaiduwa, wadda ke da kwalastarol kusan miligiram 185, alhali masu ciwon sukari sun fi sauran mutane haɗarin kamuwa da ciwon zuciya. Masu bincike a Jami'ar Sidni ta ƙasar Ostareliya sun gwada wannan a kan masu ciwon sukari nau'i na biyu da waɗanda ke dab da kamuwa. Wani rukuni ya riƙa cin ƙwai 12 ko fiye a mako, wani ƙasa da 2. A sakamakon da suka fitar a 2018, bayan shekara guda ba a ga bambanci a kitsen jininsu ba. Amma ku lura, dukkansu suna kiyaye sauran abincinsu, suna rage kitse.

Nan ne aikinku yake. Ƙwai biyu da aka soya da mai tsamo-tsamo, aka cusa a rabin burodi, ga shayi mai sukari da madarar gwangwani, wannan haɗin zai ɗaga sukarin Baba, kuma ba ƙwan ne mai laifi ba. Ku dafa shi, ko ku soya da ɗan mai kaɗan da tumatir da albasa da alayyafo. A rage burodin, shayi kuma a bar shi ba sukari.

Ku riƙe abu biyu. Ƙwai abinci ne, ba ya maye gurbin allurar insulin ko ƙwayar da likita ya rubuta. Sannan idan mai shan magani ya fara rawar jiki da zufa da jiri, alamar sukarinsa ya faɗi, ƙwai ba zai taimaka ba a lokacin. Idan yana iya haɗiya, ku ba shi ruwan sukari ko lemo mai zaƙi nan take. Idan ya suma, kada ku ɗura masa komai, a garzaya asibiti.

Wanda ke da ciwon ƙoda ko na zuciya kuma, likitansa ne zai ƙayyade masa adadin ƙwan da zai ci. Sai mako mai zuwa.