Duba Cuta Daban, Leƙen Asiri Daban

'Yan'uwa talakawa, musamman ku 'yan kasuwa, ku ba mu hankalinku a kan wani al'amari da ya shafi aljihunku da asirinku. Yau mai tireda da dillali da mai awon hatsi, littafin bashinsu da rasit da hotunan kaya duk suna cikin waya. Wayar kuwa takan aika da kwafinsu zuwa rumbun intanet, watau manyan kwamfutocin kamfanoni irin su Google da Microsoft. Abin da yawancin jama'a ba su sani ba shi ne, masu rumbun nan suna bincika ajiyar da aka ba su.

Dalilinsu shi ne cutar kwamfuta. Mugaye sukan ɓoye ta cikin fayil, ta zo maka da kamar rasit ko takardar neman aiki, da ka buɗe sai ta sace lambar bankinka, ko ta kulle maka kome sai ka biya fansa. A watan Mayu na 2017 wata cuta mai neman fansa, wadda ake kira WannaCry, ta kama kwamfutoci a ƙasashe wajen 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mai da marasa lafiya gida.

Ga yadda binciken yake. Kowane fayil yana da shaida tasa kamar zanen yatsa. Na'ura takan gwada ta da jerin cututtukan da aka riga aka sani, in ta dace sai a tsare fayil ɗin, a hana raba shi. Wanda ake shakkarsa kuwa, akan buɗe shi a keɓe a ga halinsa. Mu ba mu ƙi wannan ba ko kaɗan, don rigakafi ya fi magani. Ai naman mahauta ma sai malamin dabbobi ya duba shi kafin ya shiga kasuwa.

Amma dattawanmu sun san duba-gari. Aikinsa ya leƙa randa ya ga ko akwai kwarkwasar sauro, ba ya buɗe adakar uwargida ba. Ran da ya sa hannu a adaka ya tashi daga ma'aikacin lafiya ya koma ɗan leƙen asiri. To, idon da ke neman cuta a fayil, shi ne dai ke iya karanta wasiƙa.

Kada a ce zato muke yi. A 2013 Edward Snowden ya tona cewa hukumar leƙen asirin Amurka tana samun bayanan mutane daga manyan kamfanonin intanet. A 2023 masana tsaron kwamfuta sun gano Microsoft tana gwada buɗe ƙunshin fayilolin da masu su suka sa wa kalmar sirri, don neman cuta. Na'ura kuma takan yi kuskure: a farkon 2022 Google Drive ta tsare fayilolin da babu kome cikinsu sai lamba 1, wai an keta hakkin mallaka. In haka ta faɗa wa littafin bashin mai tireda a Kantin Kwari, wa zai kai wa kuka?

A gida ma muna da dalilin tsoro. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 don ɓarayi aka ce an yi ta, amma da sashe na 24 aka riƙa kama 'yan jarida da masu sukar mahukunta, sai a 2024 aka yi mata gyara. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Saboda haka ga abin da muke nema. Na ɗaya, bincike ya tsaya kan cuta kaɗai, kuma a gaya wa mutane abin da ake dubawa da harshen da suke ji. Na biyu, wanda aka tsare wa fayil a faɗa masa dalili, a ba shi hanyar ɗaukaka ƙara ga mutum, ba ga na'ura ba. Na uku, kada wani jami'in gwamnati ya taɓa ajiyar kowa sai da izinin kotu. Tun watan Yuni na 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a da hukumarta, to, ta tashi ta yi aikinta. Kada kuma a ce kukan jama'a banza ne. A 2021 Apple ta yi shirin bincika hotunan da mutane ke aikawa rumbunta, da aka yi ca a kanta sai ta janye a 2022.

Ku kuma 'yan'uwa, kada ku saki jiki. Google Drive ba ta bincika fayil mai girma ƙwarai, gargaɗi kawai takan yi, sabuwar cuta kuma tana iya wucewa ba a gane ta ba. Fayil ɗin da ba ku san mai aiko shi ba, kada ku buɗe. Tun 2021 WhatsApp ta ba da damar kulle ajiyar hira da kalmar sirri. Ku kulle, ku kuma riƙe kalmar da kyau. In kun kai wa wani ajiya, kayan naku ne har gobe.

Allah ya ba talaka sawaba, amin.