Jirgin Kara da Kayan Aikinsa

Idan kaka ta yi a ƙasar Makoda, aka girbe dawa da gero, sai kara ya wadata ko'ina, gama a can gona tana jikin gona ne. A lokacin nan ne yara suke ƙera motoci da jiragen sama na kara. Jikin jirgin ba shi da wuyar yi. Inda aikin yake, shi ne wajen ɗaura farfela, watau abin nan mai juyawa a hancin jirgi.

Sau da yawa yaro yakan ƙera jirgi mai kyau, ya sheƙa da shi a cikin iskar hunturu, amma farfelar ta ƙi juyawa. Ba laifin iska ba ne, rashin kayan aiki ne. Ya kamata kowane yaro ya yi nasa kayan aikin da hannunsa, ya bar satar wuƙar mahaifiyarsa ko basillar mahaifinsa. Zanen aro ba ya rufe katara.

Abu huɗu yake bukata, ba kuwa wanda zai ci masa ko kwabo. Na fari ma'auni. Sai ya yanki kaba daidai tsawon farfelar, ya ninka ta biyu. Inda ta lanƙwashe, nan ne tsakiya. Na biyu abin huji. Sai ya sami tsohuwar ƙusa, ya wasa bakinta a kan dutse, ya yi mata mariƙi na itace. Ramin da zai huda ya ɗara kaurin tsinken da farfelar za ta hau kaɗan, don kada ta cije. Na uku 'yar wuƙar langa-langa, a naɗe gindinta da tsumma. Da ita zai fere fikafikan biyu, kowanne a karkace, don iska ta sami inda za ta tura. Na huɗu tsinken gwaji. In ya zura farfelar a jikinsa ya riƙe a kwance, gefen da ya fi nauyi zai rinjaya ƙasa, sai ya rage shi har su daidaita. Daga nan ya sa 'yar sakaina hudajjiya tsakanin farfelar da hancin jirgin, don kada su riƙa gugar juna.

Waɗansu iyaye sukan ce wannan ɓata lokaci ne, ga kuma haɗarin yankewa, gara a sayo na roba a kasuwar Dambatta. Lalle batun yanka gaskiya ne, shi ya sa ake fiƙe kara ana nufar da bakin wuƙa waje, ba wajen yatsa ba. Amma jirgin roba in ya karye, sai juji. Wanda kuwa ya san awo da huji da gwaji, ya sami abin da ba ya karyewa. Da irin wannan hankali maƙeri da kafinta da bakanike suke cin abinci.

A Amurka, cikin shekarar 1878, wani mutum ya kawo wa 'ya'yansa biyu, Wilbur da Orville Wright, wani abin wasa mai tashi sama. Da ya lalace, sai suka ƙera nasu. Da suka girma suka zama masu ƙera kekuna, kuma su ne suka tashi da jirgi mai inji ran 17 ga Disamba, 1903. Tashin farko daƙiƙa 12 kaɗai ya yi. Farfelun jirgin nan biyu, da hannunsu suka sassaƙa su daga itace. Bayan shekara 22, watau a 1925, jiragen sama uku suka sauka a Kano, su ne na farko a Nijeriya.

Saboda haka, in an ga yaro a gindin rumbu yana awon kara, kada a kore shi. A tabbata dai ya gama aikin gida da na makaranta, sa'an nan a nuna masa yadda ake riƙon wuƙa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tambayoyi
1. Yaya ake gane tsakiyar farfela?
2. Mene ne amfanin sakaina?
3. A wace shekara jirgin sama ya fara sauka a Kano?